Uwar da Aka Hana Shiga Taro

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zai ɗauke ranar da na yi tafinta a wani otal da ke Titin Ibrahim Taiwo. Lokacin ina koyarwa a Fagge, sai wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta ɗauke ni in fassara mata taro a kan abin da ke jefa samari cikin ta'addanci. Ɗaki sanyi ƙalau, ga kaji ga lemo. Duk wanda ya miƙe sai ya ce talauci ne, rashin aiki ne, kuma dole a saurari iyaye mata. Mu kuwa mu yi ta tafi.

Da na fito sallar azahar sai na ga maƙwabciyarmu ta Kwaciri a bakin ƙofa, wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya da ta tsufa a Kano. Maigadi ya hana ta shiga, wai ba ta da katin gayyata.

"Malam," ta ce, "an ce masu maganin ta'addanci ne a ciki. Tun da aka rushe wa ɗana rumfa a Kasuwar Sabon Gari wasu mutane ke zarya wajensa. Yanzu sun ce ya bi su daji. Har ya haɗa jaka."

Na koma na shaida wa shugaban taro. Ya dubi agogo ya ce, "Allah sarki. Ta dawo in an tashi, yanzu za mu shiga batun sauraron iyaye mata."

Wata ma'aikaciyarsu, baƙuwa da ba ta iya komai a Hausa ba sai "sannu", ta ji mu. Ta ɗauki jakarta ta ce in zo mu tafi, taro ya nemi wani tafintan. Mu uku muka cusa kanmu a adaidaita.

Muka tarar da saurayin a soro, fuska a murtuke. "Kun zo ɗaukar hotona ne?" in ji shi. Baƙuwar ta zauna a tabarma, ta ce in tambaye shi me yake sayarwa a rumfar. Ya fara magana, bai tsaya ba har la'asar. Maganarsa ɗaya ce ta tsaya mini a rai: "Tun da aka rushe, su kaɗai suka taɓa tambayata ko na ci abinci."

Ba a ranar ya kwance jakar ba. Baƙuwar ta yi ta zuwa, ta haɗa kai da limamin unguwa, har aka samar masa gurbi wajen wani mai gyaran waya. Yau shi ma yana koya wa wasu. Wani abokinsa da ya bi mutanen nan, har yanzu ba labari.

Ita kuwa baƙuwar, faɗa manyanta suka yi mata, don ba ta fito a hoton rufe taro ba.

Tun daga ranar na gane cewa matashi ba ya bin mugu don ya fi mu hujja. Yana bin sa ne don mugun ya riga mu zuwa ƙofar gidansu, lokacin da mu muke can muna tafa wa juna.