Yankan Maitama da Kajin Jan Gida

Duk wanda ya taɓa sayen kaza a kasuwar Funtuwa ya san Maitama. Shi ne dogon dattijon nan da ke tsugune bayan rumfar 'yan kaji, wuƙa a hannu, baki na motsi da bisimilla. Mutumin Maska ne. Tun yana saurayi ya ajiye garma ya kama wuƙa, wai masara sai an jira kaka, kaza kuwa sha yanzu magani yanzu. Bai tara komai ba, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Abu guda ya mallaka a duniya: in aka ce yankan Maitama ne, sai a ci kawai, ba tambaya.

Ana nan sai wani kamfanin suyar kaza na ƙasar Turawa ya buɗe reshe a bakin titin Zariya. Sunan ya gagari bakin mutane, aka sa masa Jan Gida saboda fentinsa. Gilashi ko'ina, ga sanyi kamar asibitin kuɗi. Kajin kuwa daga gidajen gonar Bakori da Malumfashi ake kawo su da ransu. Manajar wurin, Hajiya Yasmin, ta tambayi wanda mutanen gari suka yarda da yankansa, kowa ya ce Maitama. Aka ba shi farar riga da takalmin roba. Rabi matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganinsa da tsabta haka ba.

To, a lokacin akwai wani matashin mai wa'azi, Malam Almustapha, wanda lasifikarsa ta fi masallacinsa girma. Ya gama da gidajen kallon ƙwallo, ya gama da masu kalangu, har ya fara rasa abin zagi. Sai Allah ya kawo masa Jan Gida. Ranar Juma'a ya yi rantsuwa cewa kajin daga Amurka ake kawo su a jirgin ruwa, lantarki ke kashe su, mushe ne tsantsa, kuma an yi musu allurar hana Musulmi haihuwa. A Funtuwa fa, inda ko wane gida sai ka tsallake yara kafin ka kai zaure! Samarinsa suka yi dafifi a ƙofar Jan Gida da kabbara da duwatsu. A sahun gaba har da Talha, babban ɗan Maitama, wanda tun da ya fara bin Malam ya ɗage wando, ya koma gyara wa uwarsa alwala.

Maitama, bawan Allah, sai ya ɗauka rashin sani ne. Ya yi wanka ya tafi wajen Malam, ya durƙusa gaban yaron da ya haifi kamarsa.

"Allah gafarta Malam, ai ni ke yanka kajin nan. Wallahi 'yan Bakori ne, ko rafi ba su taɓa tsallakawa ba, balle teku."

Ka tausaya wa Malam mana: mutum ya ɗaura ɗamarar yaƙi da Amurka, sai ga tsoho daga Maska. Ya duba shi sama da ƙasa, idonsa ya tsaya a damtse.

"Baba, mene ne wannan a hannunka?"

"Laya ce, maganin ƙarfe. Babana ya ɗaura mini ranar da na fara riƙe wuƙa. Duk mahautan zamaninmu da ita suka tashi."

"Allahu akbar!" in ji Malam, fuskarsa ta washe. "Jama'a kun ji da kunnenku. Mai rataya laya ya yi shirka, yankan mushiriki kuwa mushe ne. Me na gaya muku?"

Shi ke nan, jirgin ruwa ya nutse, lantarki ya ɗauke, amma fatawa tana nan daram. An dai sauya mai laifi ne.

Kamfani kuwa ba shi da ɗariƙa, ba shi da mazhaba, gilashinsa kawai yake ji. Hajiya Yasmin ta nemi sulhu, aka zauna, aka sha lemo. Aka daidaita cewa daga yanzu Isah, ƙanin Malam, shi zai riƙa yanka. Kafin Juma'a ta zagayo kaji sun musulunta, allurar ma ta bi iska. Malam da kansa ya je ya sa wa wurin albarka, aka gan shi ta gilashi ya naɗe hannun riga yana fama da cinya. An yafe wa Amurka, Maitama ne ba a yafe wa ba.

Ya mayar da farar riga ya koma bayan rumfa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna miƙo masa kaza sai su gaishe shi da ladabi, su wuce da kazarsu gaba. Ya tsinke layar ya jefa a masai, amma labarin cire laya ba shi da lasifika. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame. Rashin ciniki bai dame shi ba kamar gaisuwar nan ta ladabi.

Bana matar Talha ta haihu, namiji. Talha, don a ce ya san haƙƙin iyaye, ya ce sunan Baba za a sa, Yusufu, wanda shi ne sunan Maitama na yanka. Tsoho ya yi murna har da ƙwalla. Da kansa ya je Bakori ya zaɓo rago, ya wasa wuƙarsa a bayan gida.

Ranar suna, da aka shafa fatiha aka jawo rago, Maitama ya miƙe yana naɗe hannun riga. Talha ya matso kusa, ya rage murya.

"Baba, ka huta. Malam Isah zai yanka."

"Ragon takwarana? Ni na sayo shi, Talha."

"Na sani, Baba. Amma jama'a ne za su ci naman."

Maitama ya dubi taron. Ga abokansa na ƙuruciya, ga maƙwabta, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ragon ya yi ta tirjiya, ya gagari Isah kayarwa, har wani ya ce a samo wanda ya iya ya danne masa. Maitama ya mayar da wuƙa cikin kube, ya tsuguna, ya juya ragon gabas, ya riƙe ƙafafu.