Matar da Ta San Wadda Ba Ta Sha Ruwa Ba

Bakwai saura kwata Inna take isowa masana'antar ɗinki, tun ba a kunna keke ko ɗaya ba. Ta karɓi bokiti biyu da tsintsiya a ɗakin mai gadi, ta tsallake tsakar gida, ta shiga banɗakin mata ta wanke shi tas. Iya aikin da aka ɗauke ta ke nan. In ta gama sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta cika jarka a famfo, ta ɗora a kai, ta hau matakala ashirin da biyu zuwa ɗakin ɗinki, ta ajiye ta a bakin ƙofa da kofin roba a sama. Wannan kuwa ba wanda ya sa ta. Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a masana'antar, har Juma'ar da ta wuce da gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta ajiye aiki.

Duk masana'antar ba wadda ta fi shugabar ɗakin ɗinki sanin abin da Inna ta yi, kuma ba wadda ta fi ta jin nauyin faɗarsa. Anti ake ce mata. Mace ce mai tsare gida, mai son aiki ya fita da kyau, irin wadda in ta ɗaga kai daga teburinta sai hira ta mutu. Ba muguwa ba ce, wallahi. Amma ita ce ta sa wa banɗakin kwaɗo.

Da dalilinta. Mata kan tafi can su ɓata rabin awa suna gulma, kaya na jira. Sai Anti ta sayo kwaɗo, ta rataye makulli a ƙusa a bayan kujerarta. Duk mai buƙata sai ta tashi, ta ratsa layi huɗu na kekuna, ta tsaya gaban Anti ta roƙa, ido arba'in na bin ta. An kuma hana shiga da ruwa tun ranar da wata ta kifar da kwalba a kan farin yadi. Cikin wata ɗaya zirga-zirga ta ɗauke, aiki ya ƙaru, masu masana'anta suka yaba wa Anti.

Aikin Inna ma ya ragu. Da rana in ta koma banɗakin sai ta tarar da shi yadda ta bar shi da safe, ƙamshin sabulu bai ko gushe ba. Da wata ce, da ta shimfiɗa ɗankwali a inuwa ta yi barcinta. Inna ta tsaya riƙe da tsintsiya, mai gadi ya ji tana magana ita kaɗai.

"Mata arba'in, banɗaki ɗaya, a ce har rana ta raba bai ɓaci ba? A'a. Akwai abin da ke faruwa a saman nan."

Abin da ke faruwa shi ne mata sun daina shan ruwa. Tun daga gida suke ƙin kurɓa, don kada su je roƙon makulli. Ga rufin kwano, ga fanka uku na juya iska mai zafi, ga dutsen guga biyu na huci a ƙurya. Sai su yini da busasshen baki, a tashi aiki kowa na dafe kai.

Inna ba ta yi makaranta ba, amma ba ta jin kunyar tambaya. Ranar da ta raka surukarta awo, ta tare ma'aikaciyar jinya a baranda ta ce a gaya mata ruwa nawa ya kamata mutum ya sha a yini. Aka ce babba mai lafiya yana buƙatar kamar lita biyu, wajen kofi takwas, mai aiki cikin zafi da gumi kuma ya ƙara, sannan fitsari shi ne ke nuna gaskiya: in ya fito da haske to ya isa, in ya yi duhu jiki na neman ruwa. Inna ta ce, "Af! Ai wannan ɓangarena ne." Washegari jarka ta hau bene.

Ke ce, Inna, kike tsayawa a bakin ƙofa lokacin hutun rana da kofi a hannu, kina tare mata ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar tikiti. Ke ce kike cewa, "Ke mai jan ɗankwali, yau ban gan ki a ƙasa ba. Sha biyu." Ba ki iya rubuta sunanki ba, amma kin san wadda ta sauko da wadda ba ta sauko ba, kin kuma san abin da kowacce ta bari a bayanta. Mai guga ya shaida ranar da jiri ya kayar da shi, ke kika janye shi inuwa, kika jiƙa masa wuya, kika riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan da ɗan gishiri da sukari har ya gane mutane. Mai yanka ta shaida cewa da tana da ciki wata bakwai, ke kike zuwa buɗe mata banɗaki da sunan za ki ƙara sabulu.

Da abin ya ishe ta, Inna ta je teburin Anti.

"Anti, don girman Allah a cire kwaɗon nan. Yaran nan ƙonewa suke yi a zaune."

Anti ba ta ɗago ba. "Inna, wanke banɗaki aka ɗauke ki ko duba marasa lafiya?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Daga ranar sunanta ya koma Likita. In ta shigo sai a ce, "Ga Likita nan, kowa ta ɓoye fitsarinta!" Ita ma dariyar take yi, ta ce, "Ku yi ta yi, 'yan banza, in dai za ku sha." Har yau in Anti ta tuna dariyar nan sai ta rufe ido, don ita ta jawo ta, kuma a lokacin ta ji daɗinta.

A layin farko, kusa da taga, akwai ƙanwar Anti uwa ɗaya uba ɗaya, wadda kowa ke kira Auta. Anti ce ta goya ta, ita ta koya mata zare allura, ita ta kawo ta aikin. Hannunta kamar inji. Takan zauna tun ƙarfe takwas har huɗu ba ta motsa ba, Anti kuwa da ita take kwatance. "Ku dubi Auta. Kun taɓa ganin ta tana sintiri?"

Inna ta fi damuwa da ita a kan kowa. Takan bi ta da kofi har bakin matakala.

"Sha, 'yar nan."

"Inna, in na sha dole in tashi. In na tashi kuma a ce Yaya na ba ni makulli don ni ƙanwarta ce. Bari sai na je gida."

"Gida kuma sai yamma! Jikin naki na ƙarfe ne?"

Auta ta yi dariya, ta ɗan jiƙa leɓe don kada tsohuwa ta ji haushi, ta mayar da kofin kusan a cike. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ciwon mara ya zo, ta sayi ƙwaya a kemis, ya lafa, ya dawo. Baya ya fara riƙewa, aka ce zaman keke ne.

Da Inna ta ga roƙo bai yi ba, sai ta ɓullo da dabara. Tana da nata makullin na shara, sai ta riƙa rataye kwaɗon kamar a rufe alhali bai kama ba, ta raɗa wa mata. Wata uku ana haka kafin wata mai neman shiga ta kai tsegumi. Aka dakatar da Inna mako biyu, Anti ce ta sa hannu a takardar. Ranar da ta dawo, da jarkarta a kai ta hau bene, ta gai da Anti kamar ba abin da ya faru.

Wata rana ta sami Anti ita kaɗai a ɗakin ajiyar yadi, ta rage murya.

"Anti, Auta ta shiga yau bayan tashi. Na ga jini."

"To sai me? Ba mace ba ce?"

"Ba irin wannan ba ne. Na haifi bakwai, na san bambanci. Ki kai yarinyar nan asibiti."

Anti ta ɗaure fuska. A ranta tana ganin tsohuwar nan ta wuce gona da iri, har ta kai ga leƙen asirin ƙanwarta. Ta ce, "Inna, ki tsaya inda Allah ya ajiye ki." Kalma takwas ke nan, ta ƙirga su ya fi sau dubu. Da a ce ana sayen magana a mayar da ita ciki, da Anti ta sayar da duk abin da ta mallaka.

Kusan shekara biyu bayan nan ƙafafun Auta suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. A asibiti likita ya yi ta jero tambayoyi, Anti na zaune a gefe. Kina shan ruwa sosai? Kina riƙe fitsari? Tun yaushe kike ganin jini? Kowace tambaya Anti ta taɓa jin ta daga bakin mai wanke banɗaki. Likitan bai ɗora wa abu ɗaya laifi ba. Ya ce ciwon da ake ta dannewa da ƙwaya ne ya haura sama, ga tsakuwa ta toshe hanya, ga zafi da ƙarancin ruwa sun taimaka. Ƙodar duka biyu sun gaza, sai dai wankin ƙoda sau biyu a mako. Sannan ya ƙara da abin da ya sa Anti ta ji ɗakin na juyawa: tunda ƙodar ba ta iya fitar da ruwa, daga yau kada Auta ta wuce rabin lita a yini.

Washegari Anti ta cire kwaɗon da hannunta, ta jefa a kwandon shara. Ta sa aka kawo tanki aka kafa a bakin ƙofa. Amma ba ta ce wa Inna komai ba. Shekara huɗu suna haɗuwa a matakala, maganar na zuwa mata har maƙogwaro, sai ta ce, "Ina kwana, Inna," ta wuce. Kunya mugun abu ce, jama'a. Ko ranar Juma'ar sallama, da mata suka haɗa wa Inna kyautar yadi da bargo, aka ce Anti ta yi jawabi, sai ta ce Inna mace ce mai zuwa aiki a kan lokaci, ta zauna.

Ranar Asabar da hantsi Anti ta je duba Auta. Tun daga tsakar gida ta ga takalmin roba da ta sani a bakin ƙofa. Ashe duk Asabar Inna na zuwa, shekara huɗu ke nan, ta kuma hana a gaya wa Anti. Auta na kwance ta rame, leɓenta ya tsattsage. A kan kujera akwai 'yar kwalba da aka ɗaure wa zare daidai inda likita ya ce.

"Inna, don Allah kurɓi ɗaya."

"A'a, 'yar nan. Kin sha na safe. In kika shanye yanzu, da yamma me zan ba ki?"

Ta tsoma auduga a ruwa, ta matse, ta shafa mata a leɓe. Ta kau da kai don kada Auta ta ga idonta.

Anti ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. "Inna, kin gaya mini. Sau nawa kika gaya mini. Ki yafe mini."

Inna ta daɗe tana kallon ta. "Tashi, Anti, ba kyau babba a ƙasa. Na yafe tun tuni. Kaina ne na kasa yafe wa. Ranar da na ga jinin nan, da na kama hannunta na ja ta asibiti da kaina, ko da za a kore ni. Sai na ji tsoron aikina, na koma na ɗauki tsintsiya."

Ba ke ce da laifi ba, Inna, ko kaɗan. Ke kika gani, ke kika faɗa, aka yi miki dariya kika dawo da jarka. Mun gode, uwar masu ƙishi. Akwai mata da yawa da ke tafiya da ƙafafunsu yau, suna goya jikoki, ba su san da hannunki a ciki ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku kuma masu riƙe da makulli a wuraren aiki, ku buɗe ƙofa, ku ajiye ruwa inda hannu zai kai, in na ƙasa da ku ya ce ya ga wani abu ku ɗago kai ku saurare shi. Kai mai karatu, in tun safe ba ka sha ba, ajiye takardar nan ka tashi ka cika kofi, ka ba na kusa da kai. Kai ba wanda ya hana ka. Auta tana can kwance tana kallon agogo, saura awa biyu a ba ta cokali uku.