Mutumin da ya ƙi shan furar Kawu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina niyyar wannan rubutu ina fasawa, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaci ko mai rai abin da bai yi ba. Saboda haka abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan ce gaya mini aka yi.

Ni ma'aunin hatsi ne a Dutse, ina zaune a Limawa. Yaya Hamisu shi ne ya yi karatu mai zurfi a gidanmu, aikin gona ya karanta. Bayan an ba mu jiha aka dawo da shi gida, aka sa shi a wani shiri na gwajin sabon irin gero. Ba shi ke samar da irin ba, ba shi ke shukawa ba. Aikinsa ya bi bayan masu gwajin ya duba ko sun bi ƙa'ida, domin hukuma ba ta yarda a raba wa manoma sabon iri sai an gwada shi, kuma wani wanda babu hannunsa a ciki ya shaida. Masu irin wannan aiki suna da ƙungiya, da masu duba gwajin magani, da na iri, da na allurar dabbobi. Yaya yana cikin waɗanda suka sha wahalar kafa reshenta a nan. Ya sha gaya mini cewa amfaninta ɗaya ne: ranar da mai dubawa ya ce a'a, kada a bar shi shi kaɗai.

Ɗaya daga cikin gonakin gwajin ta ƙanen mahaifiyarmu ce, Kawu Ilu, a Aujara. An kafa turaku an raba fili gida biyu, ɓangare guda geronmu na gado, ɗayan sabon iri. Sharaɗin shi ne duk abin da aka yi wa wannan a yi wa wancan, abin da aka hana wannan a hana wancan. Ta haka ne za a san wanda ya fi.

Ranar dubawa na bi Yaya a bayan babur don in gai da Kawu. Muna sauka aka kawo fura da nono, kwanon har yana raɓa. Yaya ya yi godiya, ya ce ba zai sha ba. Dokar ƙungiyarsu ce: mai dubawa ba ya sa komai a bakinsa a inda yake dubawa sai ya gama ya faɗi abin da ya gani. Ni kunya ta kama ni kamar in nutse.

Kawu ya dube shi ya ce, "Hamisu, furar gidan nan ce fa ta yi maka wuyan da kake murɗa mini."

"Ka gafarce ni, Kawu. Yanzu ma'aikaci ne a gabanka. Ɗanka zai zo in an jima, ka ajiye masa."

Muka fita gona. Sabon irin ya yi kyau ƙwarai, ganye shar, zangarniya kamar damtsen ƙato. Namu na gado yana gefe kamar maraya. Yaya ya durƙusa ya tona gindin karan sabon irin da hannu, sai ga kashin awaki. Ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya tona, yashi zalla. Kawu bai ɓoye ba, shi a ganinsa ma abin yabo ya yi.

"Baƙo ne ai," in ji shi. "Mutane sun taso daga nesa da irinsu, in bar shi ya kunyata a gonata? Namu ya san gida, ya saba da yunwa."

Na yi dariya a lokacin. Yaya bai yi ba. Daga baya ya gaya mini ya tarar da haka a wasu gonakin wajen Miga. Babu wanda ya yi don zamba. Karamci ne irin namu, ba ma bari baƙo ya tafi da ɓacin rai, ko da baƙon ƙwayar gero ce. Amma gwaji ya ɓaci, ba a san ko irin ne ya yi kyau ko takin ba.

Ya ƙi sa hannu, ya ce a sake wata daminar. Shugabannin shirin kuwa sun riga sun yi alkawarin raba iri kafin saukar ruwa. Suka matsa masa, ya kai kuka wurin ƙungiyarsa. Ban halarci zaman ba, daga bakinsa na ji. Ya ce shugaban reshe cewa ya yi, "Malam Hamisu, reshen nan jariri ne. In muka ɓata da masu shirin, wa zai sake neman mu? A kan kashin awaki?" Suka tura wani ɗan ƙungiya ya sa hannu. Kawu ya rantse mini mutumin bai taɓa taka Aujara ba. Yaya kuma aka mayar da shi tsaron sito.

A nan ne raina yake ɓaci har yau. Masu shirin ban cika jin zafinsu ba, mai kaya kullum yana son kayansa su fita. Amma ƙungiyar da aka kafa domin rana ɗaya tak, ranar ta zo, sai ta juya baya. In ba za ku tsaya wa mai gaskiya ba, me kuka taru kuna yi?

Kawu ne ya fara amincewa da irin, tunda da idonsa ya ga kyansa. Ya shuke gonarsa duka da shi, maƙwabta suka bi. Takin da ya ishi ɗan fili bai isa gona ba. Irin mai son ci ne, da ya sami kansa a yashi sai ya fito da 'yan guntayen zangarniya. Wannan kam na gani: mutanen da suka saba kawo mini hatsi su ne suka dawo suna aunar tiya a wurina tun damina ba ta yi nisa ba. Awakin nan da suka ba da takin, Kawu sayar da su ya yi ya ciyar da gida.

Dole in yi adalci. Ban ce irin ba shi da kyau ba, na ji inda ake da taki ya yi albarka. Ban kuma ce baƙin ciki ne ya kashe Yaya ba. Ciwon hanta ya yi, kwanansa suka ƙare. Amma ya bar duniya yana ɗauke da makullan sito, shi da ya iya karanta gona kamar allo.

Yanzu ga shi shari'a ta zo, ana zagawa kasuwa ana duba mudu da tiya. Na yi murna, ni da ko ba a duba ba nake juye awo in sake in zuciyata ta yi shakka. Sai dai ina tambayar kaina abin da Yaya zai ce da yana nan. Ina jin cewa zai yi: tauye mudu tafin hannu yake ragewa, shaidar gwajin da ba a duba ba kuwa abincin shekara take ɗauke wa gari guda. Wa ke duba mudun masu ilimi? Yau ana kawo mana magani da iri da allura, a ce an gwada. Nakan tsaya ina juya kwalba a hannu ina tunanin wa ya shaida, kuma ko ya je wurin da ƙafarsa.

Kwanan baya ƙungiyar ta aiko mini tana neman hoton Yaya, wai za a rataye a sabon ofishinsu cikin waɗanda suka kafa reshe. Shugaban bai canza ba. Na ce wa ɗan aiken ya tambayo mini mutum ɗaya da suka tsaya wa tun bayan Yaya, in an samu zan kai hoton da kaina. Har yau bai dawo ba. Ina ta fargabar ko na yi tsauri, ko na hana marigayi wata daraja. Amma hoton yana cikin akwatina.

Yaya bai rasu ya bar gida ba, bai bar muƙami ba. Abin da ya bari na same shi a Aujara farkon daminar nan. Wasu masu gwaji sun sake zuwa da turakunsu, suna neman fili a wurin Kawu, wanda yanzu sai da sanda yake fita. Ya ba su, ya kuma hana 'ya'yansa kai ko kwandon taki ɗaya wurin. Da za su tafi ya ce da babbansu, "In lokacin dubawa ya yi, ku turo mini wanda zai ƙi shan furata."

Ba su gane ba, suka yi dariya. Ni na juya na kalli gona. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya.