Kwamfutar da Hannu Ɗaya Zai Buɗe

Ƙanena mai zanen gidaje ne. Da fensir da rula ya fara tun yana saurayi, daga baya zamani ya mayar da shi kan kwamfuta, ya kuma ƙware. Kowa Mai Zane yake kiransa, har matarsa. Aikinsa ba na zaman ofis ba ne. Yakan rataya jaka ya bi 'yan kwangila wurin gini, ya ɗora kwamfuta a kan buhun siminti, ya jujjuya musu gidan da ba a gina ba tukuna, su ga cikinsa da wajensa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita: ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun hagu ya ƙi. Sai ya koyi ajiye shi a aljihu, kamar mai taƙama. Tsoronsa ɗaya ne, kada 'yan kwangila su gane.

"Ba mugaye ba ne, Yaya," in ji shi. "Addu'a za su yi mini, sannan su kai aikin wani wuri."

Tsohuwar kwamfutarsa tana da ƙarfi, amma nauyinta kamar bulo, ga caja rabin bulo. Benen da ake kan ginawa ba shi da abin dafawa, kuma wanda hannu ɗaya ya rage masa yana bukatarsa don bango. Dole a sake wata. Da yake na yi ritaya daga koyarwa, lokaci ne kaɗai abin da nake da shi a wadace, sai na raka shi shago.

Mai shagon, mutum mai zaƙin baki, ya jera mana uku. Ƙanena ya sa musu zane mafi girma da ya taɓa yi. Ta farko, mai kauri, ta juya ginin kamar ruwa. Ta biyu ba nauyi, kuɗinta da sauƙi, sai dai takan ɗan tsaya ta yi tunani kafin ta juya. Ta uku siririya ce, ga sauri, ga rashin nauyi.

Daga nan ya rufe su duka, ya shiga ɗaga murfin kowacce da yatsa ɗaya. Mai kaurin ta buɗe, domin nauyinta ya riƙe ta. Ta biyu kuwa sai ta taso gaba ɗaya tare da murfin, ta koma kan tebur, ƙwas. Ta uku ta buɗe lafiya lau.

"Baba, mutane batir suke tambaya da sauri," in ji mai shagon. "Kai kuma murfi? Aurenta za ka yi?"

"Ladabinta nake dubawa," ƙanena ya amsa, muka yi dariya.

Da aka faɗi kuɗin ta ukun, dariyar ta ƙare. Na raɗa masa cewa zan taimaka da ɗan abin da nake samu.

"Yaya, fanshonka ko jakarta ba zai saya ba. Bar shi."

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Wadda zai iya buɗewa ba zai iya ɗauka ba, wadda zai iya ɗauka ba zai iya buɗewa ba, wadda ta haɗa duka kuma ba ta irinmu ba ce. Ta biyun muka ɗauko.

A gida aka shiga dabara. Matarsa ta ce ya riƙa buɗe ta tun a ƙasa, ya ce wa zai hau bene da kwamfuta a buɗe? Ya gwada da haɓa, babbar 'yarsa ta fita daga ɗakin don kada ya ga idonta. A ƙarshe ya gano cewa in ya ciro hannun hagun da na dama, ya aza shi a gefen kwamfutar kamar dutse, nauyinsa ya isa ya riƙe ta. Saura kawai kada a gani. Don haka in ya isa wurin aiki yakan ce, "Yallaɓai, waccan tagar ba ta karkace ba kuwa?" Kafin mutum ya waiwayo, an buɗe, hannu ya koma aljihu.

Dabarar ta yi masa aiki wata da watanni. Ranar da ta ƙare, da bakinsa ya ba ni labari. A hawa na sama suke shi da ɗan kwangilar da ya fi daɗewa yana ba shi aiki. Ya nuna taga, amma mutumin bai waiwaya ba.

"Mai Zane, kullum sai ka ce tagogina sun karkace. Yau dai buɗe mu gani."

Ƙanena ya tsaya, kwamfuta a rufe a gabansa. Babu wata hanya. Ya ciro hannun, ya aza shi, ya ɗaga murfin. Ɗan kwangilar ya dubi hannun, sannan ya ce, "Tun yaushe, ɗan'uwa?"

Ya yaba zanen ƙwarai. Ya yi masa addu'a doguwa. Da za su sauko, ya karɓi jakar ya rataya da kansa, ya riƙe masa kafaɗa har ƙasa, leburori suna kallo.

Tun daga ranar bai sake kiransa ba, sauran ma kiransu ya ja baya. Nakan je wurinsa da hantsi, in same shi a tebur yana gyara zanen da ba wanda ya nema. Na yi ta neman abin da zan faɗa masa, ni da na shafe rayuwata ina bayani, ban samu ba. Kwamfutar a buɗe take kwana yanzu. Ya hana kowa rufe ta.