Bandar Inna ta Marka

Mutanen unguwarmu a Jega Magaji suna cewa Inna, mahaifiyata, rowar kifi gare ta. Ba su san abin da suke faɗa ba, ni kuwa na gaji da yi musu kawaici.

Ga inda zancen ya samo tushe. Duk shekara idan rani ya yi nisa, gulbi ya janye ya bar tabkuna a fadamar Kimba, akan ba da izinin yin su, wato kamun kifi na gayya. Maza su faɗa ruwa da homa da gora, har da Baba da yayana. Ranar, duk gidan da ka gifta ƙamshin suya ne zai tare ka. Mu kuwa, Inna takan tsince ƙananan karfasa ta yi mana romo, shi ke nan. Manyan tarwada ko kallonsu ba a so ka cika yi.

"Inna, ko guda ɗai ki soya muna," in ji yayana, laka har wuya. "Ni fa nik kamo su."

"To sannu, sarkin ruwa. Kihin marka na, ba naka na ba. Matsa ka ba ni wuri."

Sai ta zauna. Ta murje yauƙin da toka, ta farke ciki, ta wanke, ta barbaɗa gishiri. Ta lanƙwasa kowace tarwada har wutsiya ta taɓo baki, ta soke da tsinke, ta jera a kan waya bisa murhun laka da ta gina da hannunta. Karan dawa take sawa da busasshen itace, amma ban da dogon yaro, wai ɗacinsa yana bin nama. Wuta ba ta isa ta ɗaga harshe ba, tana lasowa za ta sha yayyafin ruwa. Hayaƙi ake so. Haka Inna za ta yini tana juyawa, tana matsa kowanne da ɗan yatsa, gobe ta sake, har kifin ya yi baƙi yana ƙyalli, ka ƙwanƙwasa shi ka ji kamar ƙwarya.

Daga nan sai tukunya, da busasshen barkono a tsakani, ta rufe da kasko ta liƙe bakin da laka. Jifa-jifa takan fasa, ta mayar da shi hayaƙi don kada tsutsa ta shiga. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mata ta huta da wahala, ta ɗan fesa maganin ƙwarin albasa kamar yadda wasu ke yi. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Abin da ka kashe tsutsa, shi za ni ba ɗiyana? Allah shi sawwaƙe."

Amfanin abin sai marka ta zauna. Rumbu ya yi ƙasa, abin da aka samu a albasar da Baba ya kai Aliero ya tafi ga taki, gulbi ya cika ya tumbatsa, kifi ya watsu cikin ciyawa ba ya kamuwa. A lokacin ne Inna za ta ɓallo rabin tarwada ta marmasa a miyar kuka, gida duka a ci tuwo a sha ruwa. Ban taɓa cin miya lami da damina ba. Masu jego da marasa lafiya na unguwar nan sun san ƙofar ɗakinta, ko da bakinsu ya manta.

Bana idanunta suka fara ciwo, suna ja suna ruwa. Likita ya ce ta rabu da hayaƙi in tana son ganinta. Baba ya yanke cewa idan an yi su, a sayar wa masu saye daga Maiyama kifin ɗanye, a huta. Amma da hantsi na sami Inna durƙushe tana lallaɓe tsagewar murhun da sabuwar laka, tana lalube da hannu.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Ina duba shi dai."

"Da wane idon?"

Ta yi dariya, sannan ta ce a hankali, "In an saida shi ɗanye, mi za ku ci ga marka?"

Na tsani hayaƙi. Yana shiga gashi, yana shiga tufafi, ka yi wanka ka fito kana warinsa. Kuma zaman jira ba halina ba ne, kowa ya sani. Duk da haka na ce mata ni zan yi.

"Ke? Ke da ba ki iya jiran ruwa su tafasa?"

"Ni ɗin. Ki zauna can gindin mangwaro inda iska ba ya kai miki, in riƙa kawo miki kina matsawa."

"Za ki ƙone min kihi."

"In na ƙone guda, ki zage ni, in gyara na biyu."

An ce za a buɗe tabkin mako mai zuwa. Na gaya wa Baba kada ya yi alkawari da kowa a kan tarwadarmu. Gobe da safe zan bi yayana gona in ɗauro karan dawa, sannan in dawo in ƙarasa liƙe murhun.