Kyanwa Talatin, Wutsiya Iri Ɗaya

Baƙuwar da aka turo ta duba darasin zane siririya ce, takalminta ba ya ƙara. Ina leƙenta ta taga. Da gani ta taɓa riƙe alli, don har yanzu tana kakkaɓe yatsu. Rahotonta ne zai sa a bar ƙanwata a aikinta na koyarwa ko a sallame ta.

Baƙuwar tana bin zanen yara a bango da kallo. Kyanwa talatin, kowacce wutsiyarta ta lanƙwashe hagu, irin yadda ƙanwar tawa ke zanawa tun tana ƙarama.

"Malama, tabarkalla, ɗalibanki duk hannunsu ɗaya."

"Suna ƙoƙari, ranki ya daɗe."

Baƙuwar tana murmushi, tana fiƙe fensir a hankali. "Kira min ɗaya ya zana mana."