Ƙumbar Teku

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ƙanen mahaifina ya taka ƙumbar Inna a tsakar gidanmu na Yargoje, ta fashe. Ba ƙumbar yatsa ba, ƙumbar rafi, ɓawon nan mai sheƙi da mata ke kankare tukunya da shi. Ta gaje ta ne wurin mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta.

Baffa direba ne, yana kai shanu kurmi daga Sheme. Tsakaninsa da Inna akwai wasan ƙanen miji, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kuma kullum ita ke ajiye masa ƙanzo. Daga ranar da ƙumbar ta fashe, wasan nan ya mutu. Tana gaishe shi da ladabi, ladabin nan kuwa ya fi zagi yi masa ciwo.

Ya ce, "Matata, zan biya ki da ƙumbar teku."

Ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya."

Sai bayan kaka ya dawo. Ya kwance wani ƙyalle a gabanta, sai ga ɓawo siriri, dogo kamar askar wanzami. Ya ce mutanen bakin teku ke haƙo shi cikin yashi, wai in ya ji motsi sai ya nutse ƙasa, sai an zuba gishiri a raminsa yake leƙowa. Mahaifina ya ce Subhanallahi, halittar Ubangiji ba ta ƙidayuwa.

Inna ta juya shi a tafinta, ta daɗe.

"Kai, ƙumba ka ce mani, shi ne ka yanko farcen aljani?"

"Aljanin ma sai da na roƙe shi!"

"Wanga abu, ko kunu ba ya kankarewa."

Ta gwada a gindin tukunya, gefensa ya ɓantare. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, mu ma muka samu ta yi.

Bai yi aikin tukunya ba, amma tsawonsa ya zo daidai da allurarta. Cikinsa ta riƙa kwantar da ita har ƙarshen rayuwarta. Yau alƙalamina ke kwana a kansa, kuma duk na ɗauka sai na gode wa Allah da Ya raine ni a gidan da fushi ba ya tsufa.

Da la'asar ɗin ranar da Baffa ya dawo, Inna ta kankare tukunya da cokali, ta tura masa akushi.

"Ungo ƙanzonka, mai manyan ƙafafu. Ka biya."